Ɗaurin Rani

"Ɗaurin rani na yi maka, Saje. Ban yi maka na damina ba."

"Ɗauri ɗauri na. Wa yac ce maka ƙarfe ya san rani da damina?"

"Ƙarfe bai sani ba. Fata ta sani."

Kawu Illo ne ke magana, ƙanen mahaifiyata. Yana tsaye a ƙofar gidanmu a Isa, ya gitta sandar kiwo a kafaɗa. Babana, Saje Kalilu, yana zaune a kan matakin mota. Ya juya fuska wajen da muryar ke fitowa, amma bai dace ba; katangar da ke gefen Kawu yake yi wa faɗa. Ni ina kwance a ƙarƙashin motar ina matse noti. Na ajiye sifana.

"Mota ta tsufa," in ji Kawu. "Kai ma ka tsufa. Kai dai ba a iya musanya ka, mun yi haƙuri da kai. Ita ana iyawa."

"Ku ji mai bin gindin saniya za shi koya min mota. Kai ko keke ka taɓa hawa?"

"Ban taɓa ba. Ban kuma taɓa faɗowa ba."

"Tashi ka ba ni wuri."

"Ai a tsaye nake, Saje. Shanun ga na yayata na, ba naka ba. Ita tac ce in kora su kasuwa a sayo sabuwa. Mi na naka a ciki?"

"Ba ni hawan motar da anka sayo da shanun mace. A ce Kalilu ya tai yaƙin Bama ya dawo, bai iske abin ci ba sai garken matatai?"

"Kai ka hawan ta? Kai da ba ka ganin tafin hannunka? Ɗanka ka hawan ta. Shi ka tsayawa kusa da ƙarfen ga in ana ja."

A gidanmu ba a maganar idon Baba. Daga inda nake ƙafafunsu kawai nake gani. Na Baba suka matsa baya, suka shige ƙarƙashin mataki.

"Atiku," ya ce. "Fito."

Na fito.

"Ka ji kawunka. Tun da kai ka tuƙi, kai za ka faɗi. A riƙe ta ko a bashe ta. Juma'a ta sama mutumin Gusau za shi zo jin amsa. Abin da kac ce, shi za a yi."

Kawu ya dube ni, ya dubi gabas inda hadari ya fara taruwa, ya tofar da yawu, ya kama hanyar rugarsa.

Wannan a farkon daminar 1957 ne. Shekara guda ke nan da na bar sakandare a Sakkwato. 'Yan ajinmu sun zama akawu a En'e, suna sa farar riga. Ni na dawo gida saboda yanar ido ta rufe wa Baba gani, kuma janwe ba ta tuƙa kanta.

Janwe ita ce motar da ke jawo motoci in sun kafe ko sun mutu. Tamu ta soja ce, Baba ya saye ta a gwanjo bayan yaƙi. Ƙafa shida, gaba kamar ta bauna. A bayan gidan direba akwai ganga ta ƙarfe da ke naɗe waya mai kaurin babban yatsa, da ƙugiya a bakinta. Daga Isa zuwa Sabon Birni har kan iyaka babu wata sai ita. Agogon mil ɗinta ya cika ya koma sifiri, ya sake hawa har rabi, sannan ya mutu. Na taɓa yin lissafi na gaya wa Baba cewa tafiyar da ta yi ta isa ta zagaya duniya sau shida.

Ya ce, "To ina ta je? Ga ta nan Isa."

A tsakiyar rani ta tsage. Muna jawo wata motar gyaɗa daga rairayi a hanyar Tozai sai muka ji ƙara kamar bindiga. Dogayen ƙarfuna biyu ne ke ɗauke da gangar. Na dama ya tsage har rabi. Mai walda a Gusau ya taɓa liƙe wurin sau biyu. Da muka aika masa ya ce kada mu wahala, ƙarfen ya gaji, ba ya karɓar wuta.

Kawu Illo ne ya yi dabara. Ya samo fatar bijimi, ya yanka kiri, irin igiyar fatar da suke ɗaure shanu da ita, ya jiƙa shi kwana biyu. Ya sa muka jingina sifirin biyu, fallayen ƙarfen nan na ƙarƙashin mota, a kan tsagar kamar yadda ake ɗora karaya, ya naɗe su da ɗanyen kirin, mutum huɗu suna ja. Rana ta yi sauran aikin. Da fatar ta bushe sai ta tsuke, ta yi tauri kamar ƙaho. In ka doke ta da sifana amsawa take yi. Wata huɗu muna aiki da ita haka.

Abin da kowa ya sani, ba wanda ke faɗa: in ƙarfen nan ya ƙarasa karyewa ana cikin ja, ganga za ta ɓalle, waya ta yi bulala. Hannun da ke sarrafa gangar yana gefenta, taku ɗaya. Nan nake tsayawa.

Mutumin Gusau, Wada sunansa, yana da wata janwe da ba ta wuce shekara huɗu ba. Zai karɓi tamu ya farfasa ta ya sayar da kayan ciki, a cika masa da shanun Inna. Maganar ke nan. Ba ta da wuyar fahimta.

Da yamma Inna ta kira ni. Bafillata ce, ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunana ba. Tana kaɗa nono, idonta a cikin ƙwarya.

"Kai wanga."

"Na'am."

"Saniya in ta tai, wata na zuwa. Ni ba ni iya sake haihuwarka."

Ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan a kaina ba. Na tsaya ina jira ko da saura. Sai ta ce man shanunta yana raguwa a ƙoƙo, in na ga mai ɗiba in gaya mata. Na fita.

Washegari na ga mai ɗibar. Bayan sallar asuba na iske Baba a jikin mota shi kaɗai. Ya dafa ƙarfen da hannun hagu, yana bin kirin da na dama, sawu-sawu, yana cusa mai a kowane lungu. Ba ya kuskure. Ido bai taɓa sanin motar nan yadda hannunsa ya san ta ba.

"Atiku na?"

"Ni ne."

"Kawunka ya ce ruwa ka kashe fata. To ga maganin ruwa. A soja abu guda anka koya muna: abin da ba a shafa ma mai, shi ka fara mutuwa. Bindiga, takalmi, mota. Ko ba haka na ba, malam? Kai ka yi boko."

Na yi tunani. A aji an taɓa zuba mana mai da ruwa a kwalba guda, aka girgiza, suka rabu. Na gani da idona.

"Haka ne," na ce. "Ruwa ba ya shiga inda mai yake."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ya miƙo mini ƙoƙon na riƙe masa. Kullum da asuba haka muka riƙa yi. Kirin ya yi duhu, ya yi sheƙi. Aka yi yayyafi sau biyu, na ga ruwa na gangarewa a kansa bai tsaya ba. Na ji daɗi. Ban sake dukan sa da sifana ba. Ban ga dalili ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ban yanke komai ba. Baba bai tambaye ni ba. Inna ba ta sake magana ba, sai dai in na buga inji tana fitowa bakin zaure ta tsaya har in sha kwana.

Na san abin da ya kamata in ce. Abin da ke riƙe ni daban ne. A jikin tsohuwar mota Baba makanike ne. Yana jin inji ya ce fulogi na uku ne, a duba a ga shi ne. Direbobi suna zuwa gaishe shi, suna ce masa Saje. In aka kawo sabuwa, wadda bai taɓa gani ba, bai san inda notinta ɗaya yake ba, to tsoho ne makaho a kan tabarma. Ni kuma aka ce in faɗi ranar.

Kwana uku ana walƙiya a kudu, wajen Zamfara. A Isa ko ɗigo. Wannan shi ne irin ruwan da ba mu so. Ba ka ganin sa a sama, sai dai ka gan shi a gulbi.

Ranar Alhamis, jajibirin zuwan Wada, bayan azahar, wani mutum ya shigo da keke, wandonsa jiƙe har cinya.

"Ina Saje? Gulbi ya kawo! Motar Maraɗi ta kafe tsakiyar mashigi, da mutane bisa!"

"Ruwa ya kai ina?" in ji Baba.

"Sadda na baro, ya rufe taya."

Baba ya miƙe, ya lalubo hularsa. Na ce ya zauna a gida. Bai ko amsa ba, ya buɗe ƙofa ya hau. Na buga inji. Inna ta fito bakin zaure. Ban dube ta ba.

Tafiyar ta fi rabin awa. Rana tana haske tar, gero ya fara kai idon sawu, mutane suna noma kamar babu abin da ke faruwa. Tun kafin mu ga gulbin muka ji shi.

Da rani rairayi ne, mota na bi ta wuce. Yau ruwa ne ja, mai faɗi, yana tafe da kiraren itace da wata matacciyar akuya da ke juyawa a hankali. Motar tana kusa da gaɓarmu fiye da waccan, amma a inda ya fi zurfi ta tsaya. Ta karkata hagu. Ruwa ya kai ƙofar direba. Mazan da suka iya iyo sun fito. A kan kaya, bisa buhunan gishiri, saura mata da yara da tsofaffi, sun fi ashirin. Ba sa kuka. Suna zaune kawai suna kallon mu. A can ƙetare, gefen Sabon Birni, wasu motoci biyu sun tsaya, mutanensu sun jeru a bakin ruwa.

Direban, siririn mutum mai gashin baki da ke gauraya Hausa da Faransanci, ya riƙe mini hannu biyu.

"Don Allah, don Annabi, patoro. Kamiyo, motar ga, ta tai, ban damu ba. Mutanen ga."

Na tambayi jirgin masunta. Aka ce ruwa ya tsinke shi tun da safe.

Kawu Illo yana wurin. Rugarsu ba ta da nisa, wajen Tsamaye. Ya kafa sandarsa a bakin ruwa tun da ya iso, don ya ga yadda yake hawa. Yanzu sandar tana cikin ruwa har taƙi biyu.

Na juya janwe, na ba gulbi baya. Aka tokare ƙafafunta da kututture. Samari uku suka ɗauki ƙugiya suka shiga daga sama, ruwa ya gangaro da su har jikin motar, suka nutse suka maƙala. Ina warware waya sai na ga Kawu ya zagayo. Ya tsaya a gaban ɗaurinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya shafa, ya kai hanci.

"Wa ya shafa ma wanga mai?"

"Ni," in ji Baba. "Ruwa ba ya shigar shi yanzu. Gwada ka gani."

Kawu ya matsa kusa. Ya danna babban yatsa a kan kirin. Wurin ya loɓa. Ya sa ɗan yatsa a ƙarƙashin sawu ɗaya, ya shige. Da rani ko tsinin wuƙa ba ya shiga nan.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Saje. Kai Saje."

"Mi na na?"

"Ka san abin da ya sa muke shafa ma kiri mai? Don shi yi taushi. Don shi miƙe in saniya ta fizga, kada shi yanke mata ƙafa. Wanga ɗauri ba shi da wani ƙarfi sai bushewa. Ruwan da nike tsoro, in ya jiƙa shi rana na busar da shi. Mai ba ya fita. Kwana nawa kana wanga aiki?"

Ni na amsa maimakon Baba.

"Tara," na ce. "Ni na riƙe mishi ƙoƙon."

Kawu ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Shekara nawa ka yi Sakkwato?"

Na juya wajen gulbi.

Daga cikin ruwa wani yaro ya fara kuka, wata mace ta hana shi. Motar ta ƙara karkata kaɗan, buhu biyu suka zame suka faɗa. Direban ya ɗora hannu a ka. Mutanen da ke bakin gaɓa suka fara kira, me ake jira, me ake jira.

"Za shi riƙe?" na tambayi Kawu.

"Ban sani ba."

"Kai ka ɗaura shi."

"Abin da na ɗaura ba shi na wanga ba."

Na dubi sandarsa. Taƙi uku.

"Za ni ja," na ce. "Ku kore mutane baya. Baba, ka bi Kawu."

Baba ya lalubo gefen mota, ya bi shi da hannu har ya iso ɗaurin. Ya shimfiɗa tafinsa a kai, daidai kan tsagar.

"Kai ba ka ganin ƙarƙashin fata," ya ce. "Ni ina ji. In nac ce tsaya, ka tsaya. In nac ce ja, ka ja."

"In ya ɓalle kai za shi fara ɗauka."

"Ni na ɓata shi. Ja."

Kawu ya kama rigarsa. Baba ya fizge. Suka yi cirko-cirko, sannan Kawu ya sake shi, ya juya ya hau kora mutane da ashar, da Hausa da Fillanci, har sai da suka hau tudu. Shi kansa bai hau ba. Ya tsaya a bayan Baba.

Na yi bisimilla na ture hannun gangar.

Waya ta tashi daga ruwa tana zubar da shi, ta miƙe. Inji ya canza murya. Janwe ta zauna a kan ƙafafun baya, kututture suka nutse cikin laka. Motar Maraɗi ba ta motsa ba.

Ina kallon kirin. Mai ya fara fitowa daga cikinsa kamar gumi, ɗigo-ɗigo, yana bin hannun Baba har gwiwar hannu. Wani abu yana kuka a ciki, siririn kuka, kamar ana taka sabon takalmi.

"Tsaya."

Na tsaya.

Ya karkata kai kamar mai sauraron magana a ɗaki na biyu. Leɓensa na motsi.

"Ja. Kaɗan."

Na ja. Motar ta girgiza, gabanta ya ɗago daga rairayi. Matan suka rungume yara.

"Tsaya!"

Wani sawu na kirin ya tsinke, ya tashi ya mari gidan direba. Ban san sadda na durƙusa ba. Da na ɗago, Baba yana nan yadda yake, hannunsa bai gusa ba.

"Bai kai ba," ya ce. "Ja."

Haka muka yi. Ban san tsawon lokacin ba. Ja, tsaya, ja. Taƙi ɗaya, taƙi biyu. Ban ƙara kallon gulbi ba, fuskar Baba kawai nake kallo, domin a nan nake ganin abin da ƙarfe ke yi. Sau ɗaya na ga ya runtse ido, idon da ba ya gani, na ce shi ke nan. Sai ya ce, "Ja."

Na ji guɗa kafin in gane mun gama. Motar ta hau inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Maza suka ruga, suna sauke yara hannu-hannu. Wata tsohuwa da aka goyo ta sa aka kawo ta har jikin janwe, ta shafa ƙofarta ta shafa fuska. Direban yana kuka yana dariya.

"Wa yac ce ta tsufa? Wallahi ko Maraɗi babu irin ta! Saje, wagga mota sai ta binne mu duka!"

Mutane suka ɗauka. Sai Saje. Sai janwen Saje. A ƙetare ma suna tsalle suna kaɗa huluna.

Na saki waya, aka kwance ƙugiya. Na zagayo.

Kirin ya saki, yana lilo kamar hanjin da aka rataye. Sifirin ɗaya ya zame ya faɗi ƙasa. Tsagar da ta tsaya a rabi ta gangara har saura kamar faɗin yatsa biyu, kuma ba ta rufe ba da aka sauke nauyi. Na sunkuya na hango hasken gulbi ta cikinta. Ganga ta kwanta gefe. Ko akuya aka ɗaura mata yanzu, za ta ƙarasa.

Baba ya sauke hannunsa. Ƙarfe ya tsaga masa tafi, jini ya gauraye da mai. Ya goge a riga.

Kwana tara ina neman yadda za ni faɗa. Da ta zo, gajeruwa ce.

"Baba, ba ni sake jan komi da ita."

"Na riga ka ji," ya ce.

Ya zauna a kan mataki. Mutane suna ta kiran sunansa, bai ɗaga kai ba.

"Illo."

"Ga ni."

"Ka kora shanun kasuwa. Ka bar ma yayarka jar nan mai karyayyen ƙaho, tana son ta."

"Na ji."

"Kuma in ka faɗa ma wani zancen man ga, sai na aske ka da sifana."

"Ni da wa za ni faɗa ma? Shanu?"

Baba ya ɗan yi murmushi. Na fara lissafin kwanaki: a kai shanu, a je Gusau, a dawo. In hanya ta yarda, mako biyu. Mako biyu babu janwe a ƙasar nan, da damina. Sai a aika kowace tasha a gaya wa direbobi.

A lokacin ne na ji ham daga ƙetare.

Direbobi suna da al'ada. Ba sa shiga ruwa mai shakka in babu janwe. In suka gan ta tsaye a gaɓa, kuma suka ga ta yi aiki, sai su shigo. In an haye an haye, in an kafe ga mai fitarwa. Waɗancan biyun tun azahar abin da suke jira ke nan. Sun ga komai. Abin da ke ƙarƙashin ganga ne kawai ba a gani daga can.

Ta farko ta riga ta tashi. Koriya ce mai bodin katako. Fasinjanta sun koma sun hau, sun cika ta har kan gidan direba. Tana gangarowa a hankali.

Na ruga bakin ruwa. Na cire riga ina kaɗawa, ina ihu su koma. Kawu ya biyo ni yana nasa ihun. Gulbi ya haɗiye muryarmu. Ni kaina da ƙyar nake jin ta. Mutanen gaɓarmu ba su san kome ba, suna ta tafi suna kiran direban ya taho. Na kama na kusa da ni na girgiza shi, na ce janwe ta karye. Ya dubi janwe, ga ta tsaye inji na aiki, ya dube ni, ya yi dariya.

Tayun gaba suka taɓa ruwa. Na baya suka bi. Na nemi sandar Kawu inda ya kafa ta, ban gan ta ba.

Motar ta yi kamu goma lafiya. Ta yi ashirin. Ruwa ya rufe fitilunta. Ta biyu ma ta fara gangarowa a bayanta. Tafin da ake yi ya fara raguwa, daga nan gefe, daga can gefe, har ya ƙare. Ƙarar injin koriyar ta yi ƙasa, ta yi kauri, tana yankewa tana dawowa.

Na juyo. Kawu yana kallona. Direban Maraɗi yana kallona. Samarin nan uku sun riga sun sake ɗaukar ƙugiya, suna jiran in saki waya.

Baba ya miƙe daga kan mataki. Ya dafa ƙofa da hannun da ke jini, ya juya kunne wajen gulbi.

"Atiku," ya ce. "Wanga inji da ni ka ji, bisa tudu shike ko cikin ruwa?"